Sajen Launi a Fastocin Zamfara

Fastar ɗaurin aure a Gusau, banar Maulidi a Tsafe, katin walimar sauka a Bungudu, kusan duk bayansu iri ɗaya ne: launi ya taso da duhu daga gefe, yana narkewa sannu a hankali har ya saje da wani. Da can mai fenti ne ke yin wannan da buroshi a allon shago ko jikin babbar mota, kuma da ganin aikin za a ce hannun wane ne. Yanzu matasa ke yi da CorelDRAW da Photoshop a kwamfuta, ko PixelLab da Canva a waya, cikin ƙiftawar ido. Ana samun abinci da sana'ar, ana kuma samun aiki mai tsafta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannu, domin mafi yawan sajen da muke gani aro ne.

Biyu ne suka mamaye kasuwa. Akwai ruwan zinare, wanda ba a raba shi da sunan ango da amarya. Kwastoma na shigowa zai ce, "Malam, a sa mini ruwan gwal, ya yi walƙiya." Akwai kuma shunayya mai zarcewa zuwa ruwan lemo, wadda ta bazu a duniya tun da Instagram ta sauya tambarinta a 2016. Babu laifi a cikinsu. Amma idan sanarwar wa'azi da tallar shagon takalma da katin suna duk suka sa riga ɗaya, ido ya daina tsayawa a kan kowanne.

Haɗa saje na kai ba wuya. A kan sandar da manhajar ke nunawa akwai tasha a kowane ƙarshe, mai zane na iya ƙara wasu a tsakiya, ya ba kowace launinta, ya ja ta gaba ko baya. Gwaninta a tsakiyar take. Lokacin zaɓen 2023, da Dauda Lawal na PDP ya kayar da Bello Matawalle na APC, kore da ja sun cika bangaye, kasancewar suna cikin tutocin jam'iyyun biyu. Duk wanda ya haɗa kore da ja kai tsaye ya san abin da ke fitowa tsakaninsu: wani launi mai dauɗa kamar ruwan kwata, sau da yawa daidai inda fuskar ɗan takara take. Mai zanen da ya san aikinsa fari yake sawa a tsakiya, ko rawaya mai haske, sai launukan su miƙa wa juna hannu cikin tsafta.

Sai kuma matsalar ɗab'i. Allon waya da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, injin buga bana kuwa da tawada huɗu yake aiki. Shuɗin da ke ɗaukar ido a waya yakan fito a dushe a kan leda. Idan aka shimfiɗa launuka biyu masu kusanci a bana mai faɗin mita uku, sai a ga layi-layi maimakon santsi, domin matakai 256 kacal kowane launi ke da su a hoton da aka saba aiki da shi. Rana ma tana da nata rabon: rawaya da ja su ke fara kwanciya, shi ya sa tsohuwar bana a bakin titin Gusau zuwa Funtuwa takan koma shuɗi-shuɗi.

Nan ne adanawa ke da muhimmanci. Sajen da aka gwada, aka buga, aka ga ya jure rana, dukiya ce. Photoshop na ba da damar sa masa suna a fitar da shi a fayil na daban, CorelDRAW ma yana ajiye shi cikin jerin na mai aiki. Kaɗan ne ke yin haka. A watan Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, wanda ya saba sauko da komai daga intanet ya zauna hannu rabbana, wanda ya tara nasa a filashi kuwa bai rasa abin aiki ba.

Ni a ganina launin da ya kamata a tara yana nan kewaye da mu. A ɗauki hoton dutsen Kwatarkwashi da la'asar sakaliya, a tsinci launuka huɗu ko biyar daga gindinsa zuwa sama. A yi haka da hazon hunturu, da jar ƙasar gona bayan ruwan farko, da shuɗin baba daga tsomin farko mai haske zuwa wanda ya kusa zama baƙi. Katin da aka yi wa bango da shuɗin baba farin rubutu na zama a kansa daram, har dattijo mai raunin ido ya karanta ranar ɗaurin aure da wurin ba sai an kira masa jika ba.