Mai zaman kansa daga wa? Karatun dokoki biyu na jahar Kalifoniya a kan binciken ƙirƙirarriyar basira

A ranar 29 ga Satumba 2024 gwamnan jahar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Gavin Newsom, ya ƙi sa hannu ga daftarin doka mai lamba SB 1047, wanda ɗan majalisar dattawan jahar Scott Wiener ya gabatar, majalisun jahar biyu kuma suka amince da shi. Shekara guda cur bayan haka, ranar 29 ga Satumba 2025, gwamnan ya sa hannu ga wani daftarin na Wiener ɗin dai, wato SB 53. Dukansu biyu suna magana ne a kan manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda ake yi wa tambaya su amsa da rubutu, kuma da yawa daga cikin kampanonin da ke ƙera su a wannan jaha suke zaune. Mu ba masana shari'a ba ne. Abin da za mu yi a cikin wannan ƴar maƙala shi ne aikin da muka saba, mu aza matanin biyu gefe da gefe, mu dubi abin da ya samu jimla guda tsakanin na farko da na biyu, jimlar da ta shafi mai bincike na waje.

SB 1047 ya shafi manhajar da horar da ita ya ci lissafin kwamfuta fiye da 1 mai sifiri 26 a bayansa, ya kuma ci kuɗi fiye da dala miliyon 100 (dalar Amurka muke nufi, kada mai karatu ya ƙirga da dalarmu ta tamma biyar). Ya wajabta wa kampani ya rubuta takardar matakan kariya kafin ya fara horarwa, ya kuma tanadi hanyar tsai da manhajar gaba ɗaya idan ta kama. Ga ma'anar jimlar da muke so, da kuma wadda ta gaje ta a cikin SB 53, kamar yadda muka taƙaita su da Hausa:

(1) Daga 1 ga Janairu 2026, dole ne mai ƙera manhaja ya ɗauki mai bincike na waje kowace shekara, domin ya yi bincike mai zaman kansa a kan bin ƙa'idojin wannan sashe.

(2) Dole ne babban mai ƙera manhaja ya rubuta tsarinsa na kariya, ya bi shi, ya wallafa shi, yana bayyana a ciki yadda yake amfani da mutanen waje wajen auna yiwuwar bala'i.

Kalmar tilas tana nan a cikin jimlolin biyu, wato *shall* ta Ingilishin shari'a, wadda muka mayar da «dole». Bambancin yana ga aikatau ɗin da ta hau kansa. A (1) dolen ta faɗa a kan «ɗauki», mai binciken shi ne karɓau kai tsaye, kuma akwai lokaci: kowace shekara. A (2) dolen ta faɗa a kan rubutawa da wallafawa, mutumin waje kuwa ya gangara cikin dogararren sashe, ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da kampani zai ba da labarinsu. Gaskiya ne idan kampani ya rubuta cewa zai kira masu gwaji na waje, «ya bi shi» ta kama shi, kuma tara tana iya kai dala miliyon 1 a kowane laifi. Amma shi ne mai alƙalamin. Wanda ya rubuta alkawari kaɗan ya cika doka daidai da wanda ya rubuta da yawa. Haka ta faru a jahar Niyok: daftarin dokar RAISE ya fara da binciken waje na tilas, aka cire shi kafin majalisa ta amince a Yuni 2025.

Masu goyon bayan daftarin farko sun yi kukan wannan asara, kuma muna ganin suna da gaskiya. Sai dai kuma idan aka koma ga (1) aka karanta ta a tsanake, za a ga ba ta da ƙarfin da aka zata. Mene ne ake bincika? Bin ƙa'idoji. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce kampani ya rubuta matakansa ya bi su. Ke nan aikin mai binciken ya fi kusa da na *commissaire aux comptes*, wanda ke gwama takarda da aiki, bisa ga na makanikin da ke shiga ƙarƙashin mota ranar binciken lafiyarta. Yana iya tabbatar da cewa an yi gwajin da aka ce za a yi. Ko gwajin ya dace da haɗarin, wannan wata magana ce daban, kuma a watan Agusta 2024 an sassauta ma'auninta: inda daftarin ke neman kampani ya ba da tabbaci gwargwadon hankali, sai aka mayar da shi ya yi hattara gwargwadon hankali, aka kuma cire hukuncin rantsuwar ƙarya, aka cire sabon ofishin da zai sa ido. Tabbaci yana duban sakamako, hattara tana duban hali.

Inda muka fi son tsayawa shi ne a kan sifar nan *independent*, ko *indépendant* da Faransanci. Ɗalibin da ya karanta Tesnière ya san akwai kalmomi masu neman gurbi biyu: wani abu ba ya rataye da wani abu. Harshen doka yana yawan cika gurbi na farko ya bar na biyu wayam, mai karatu ya cika shi da abin da ya ga dama. Hausa ta fi tona wannan ɓoyo, domin kuwa fassarar da kowane ɗan jarida zai kai hannu gare ta ita ce «mai zaman kansa», ita kuwa ma'ana biyu gare ta a bakinmu. Muna cewa makaranta mai zaman kanta, gidan rediyo mai zaman kansa, muna nufin wanda ba na gwamnati ba, wanda ke neman kuɗinsa da kansa. Muna kuma cewa hukumar zaɓe mai zaman kanta, muna nufin wadda ba ta karɓar umurni daga masu takara. Mai binciken jimla ta (1) mai zaman kansa ne a ma'ana ta farko ba shakka: kampani ne mai neman ciniki. A ma'ana ta biyu fa? Aikatau ɗin da doka ta zaɓa ya ba da amsa. Wanda ake bincika shi ke ɗauka, shi ke biya, shi ke da ikon sabunta kwangila baɗi ko ya nemi wani. Doka ta hana mai bincike yin ƙarya da gangan a cikin rahotonsa, ta ba babban lauyan jaha damar ganin cikakken rahoton, jama'a kuma su ga wanda aka shafe wasu wurare. Ba ta raba shi da akushin da yake ci ba.

Amurka ta riga ta sha wannan darasi a fagen kuɗi. Kampanin Arthur Andersen yana binciken littattafan Enron yana kuma sayar masa da shawara, har Enron ya rushe a ƙarshen 2001. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta cika gurbin nan na biyu da abubuwa masu ƙirguwa: hukuma mai sa ido a kan masu binciken kansu, haramcin haɗa bincike da wasu ayyukan shawara, da canza babban mai binciken bayan shekara 5. Ko a fagen da muke magana akwai misali. Dokar birnin Niyok mai lamba 144, wadda aka fara tilasta ta a Yuli 2023, tana neman binciken son kai a cikin manhajojin tace masu neman aiki, kuma ƙa'idojinta sun fayyace cewa wanda ya sa hannu wajen ƙera manhajar, ko yake ma'aikacin mai ita, ko yake da hannun jari a ciki, ba mai zaman kansa ba ne. Fayyacewar ta yi kyau. Amma da masu bincike na jami'ar Cornell da abokan aikinsu suka duba ma'aikatu 391, guda 18 kaɗai suka tarar sun wallafa rahoto, saboda dokar ta bar wa ma'aikata damar yanke wa kanta ko manhajarta tana cikin waɗanda ake nufi.

Kalma ta biyu ita ce *safety*. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya san wahalarta: a harkar nukiliya *sûreté* ake ce mata, a harkar jiragen sama kuwa *sécurité*, ana ajiye *sûreté* ga maganar ɓarna da gangan. Da Hausa muna jujjuyawa tsakanin tsaro da kariya da lafiya, babu wadda ta zauna daram. Ba wasan malamai ba ne kawai: a Fabrairu 2025 gwamnatin Birtaniya ta sauya sunan cibiyarta ta gwajin manhajoji daga *safety* zuwa *security*, wato daga lafiya zuwa tsaro, ta kuma mai da hankali ga laifuka da tsaron ƙasa. Dokokin Kalifoniya su da adadi suka yanke ma'anar. SB 1047 ya yi maganar kisan jama'a masu yawa ko asarar dala miliyon 500. SB 53 ya ce mutuwa ko mummunan rauni na mutum fiye da 50, ko asarar fiye da dala biliyon 1, a cikin abu guda da ya faru. Adadi yana da amfani ga alƙali. Illarsa ita ce cutarwar da ke zuwa kaɗan-kaɗan ga mutane barkatai, kamar amsar ƙarya a kan magani, ba ta shiga wannan ma'auni. Newsom da kansa, a cikin takardar ƙin sa hannu, ya soki wani adadin, yana cewa duban tsada da girma kaɗai yana iya sa jama'a su saki jiki, alhali ƙananan manhajoji na iya zama da haɗari daidai da manya. Hujjar ta karɓu, sai dai dokar da ya sa wa hannu daga baya ta riƙe ma'aunin lissafin nan na sifiri 26, ta ƙara da sharaɗin cinikin dala miliyon 500 a shekara kafin a kira kampani babba.

Saura abin da ya fi shafar sashenmu, wanda babu ɗaya daga cikin matanin biyu da ya sa shi cikin sharuɗɗa: da wane harshe ake gwajin? A 2023 Yong da Menghini da Bach na jami'ar Brown sun ɗauki umurni 520 masu neman cutarwa, waɗanda GPT-4 ke ƙin amsa kusan dukansu da Ingilishi, ba ya faɗawa tarko ko sau 1 cikin 100. Suka juya su da fassarar Google zuwa harsunan Zulu, Gelik na Sikotilan, Hmong da Guarani. Da aka haɗa harsunan huɗu, kashi 79 cikin 100 na umurnin sun tsallake shingen. Hausa ba ta cikin huɗun, kuma kampanoni sun yi gyara tun lokacin, amma dalilin da masu binciken suka bayar ya shafe ta: horon ƙin amsawa yana bin inda rubutu da masu gwaji suka yi yawa. Mai neman haɗa guba ba sai ya iya Zulu ba, injin fassara kyauta ya ishe shi. Saboda haka rahoton da bai faɗi harsunan da aka yi gwaji da su ba yana magana ne a kan manhajar Ingilishi, ko da mai binciken bai ci ƙwandalar kampani ba. Jimla ta (1) za ta bar mai bincike ya sa hannu a kan irin wannan rahoto matuƙar kampani ya bi takardarsa, jimla ta (2) kuwa ta bar wa kampanin ya zaɓi ko zai ambaci harshe ko ba zai ambata ba.