Littafin da Ya Nemi Alƙali: Sharhi a Kan *A Month and a Day* na Ken Saro-Wiwa

Akwai littafin da ake rubutawa don mai karatu, akwai kuma wanda ake rubutawa don alƙali. A ganinmu *A Month and a Day*, wato wata guda da kwana ɗaya, wanda aka buga a 1995, yana cikin kashi na biyu, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Jigon littafin shi ne tsarewar da gwamnatin soja ta yi wa marubucin daga 21 ga Yuni zuwa 22 ga Yulin 1993, ana yawo da shi tsakanin Fatakwal da Legas da Owerri. A nan alƙalaminsa ya yi kaifi ƙwarai: ƙazantar ɗakin tsare, da rashin lafiyarsa, da ba'ar da yake yi wa masu tsaronsa, duk mai karatu zai ga kamar a gabansa ake yi. Sai dai kuma labari na cikin daɗi sai ya yanke shi, ya shiga tarihin ƙungiyar MOSOP, da Takardar Haƙƙoƙin Ogoni ta 1990, da dogayen jawaban da ya gabatar a taruka. Ta fuskar zubi da tsari wannan rauni ne babba, domin zaren labari ya tsinke, kuma muryar mai ƙara ta danne ta mai hikaya.

Amma fa mu tambayi kanmu, wa yake yi wa magana? Mutumin da ya kai kukan Ogoni Majalisar Ɗinkin Duniya a Janiba a 1992 ya riga ya fid da rai daga kotunan gida, inda dokar soja ke ɗaure wa alƙali hannu. Don haka waɗannan jawabai da suka gundure mu shaidu ne yake jerawa, yana jiran kotun da ba ta zauna ba tukuna.

Wadda ta fara zama ita ce kotun musamman ta Mai Shari'a Ibrahim Auta, a kan kisan shugabannin Ogoni huɗu a watan Mayun 1994. Ba a ba da damar ɗaukaka ƙara ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta nemi a dakata, aka yi kunnen uwar shegu da ita, aka rataye shi tare da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995. Sai a 1998 hukumar ta yanke cewa Nijeriya ta keta Yarjejeniyar Afirka, ihu bayan hari ke nan. A 2009 kamfanin Shell ya biya dala miliyan 15.5 don sasanta ƙarar da iyalan suka shigar a Amurka, ba tare da amsa laifi ba. A 2013 kuwa, a shari'ar Kiobel, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙuntata wannan ƙofa ga masu ƙara daga waje. Ko afuwar da Shugaba Tinubu ya yi musu a 2025 ba ta rufe zancen ba, tunda mai laifi ake yi wa afuwa, su kuwa masu fafutuka wankewa suke nema.

Abin da muke zargin littafin da shi a ƙarshe shi ne yawan yarda da kunnen duniya. Marubucin ya ɗauka idan duniya ta ji za ta hana. Ta kuwa ji, amma dokar ƙasa da ƙasa ba ta da ɗan sanda. Duk da haka, hujjojin da ya tara sun rayu bayansa, lauyoyi sun yi ta kai irinsu kotu-kotu shekara da shekaru. Muna fata wani cikin manazartanmu zai fassara shi zuwa Hausa, domin ɗalibin adabi da ɗalibin shari'a kowa na da abin ɗauka a ciki.