Kirishnan Bankim da Kirishnan Makiyaya

A shekara ta 1886 aka buga wani littafi a birnin Kalkata da harshen Bengali, sunansa Kirishnacaritra, watau Halin Kirishna. Bayan shekara 6 mawallafin ya sake fitar da shi, ya ƙara masa kauri ƙwarai, ya kuma sake ra'ayinsa a wurare da dama, kuma wannan bugu na 1892 shi ne wanda a ke karantawa. Sunan mawallafin Bankim Candra Cataji. An haife shi a 1838, ya rasu a 1894. Yana cikin mutum biyu na farko da suka sami digiri a Jami'ar Kalkata, ya kuma yi shekaru fiye da 30 yana aikin mataimakin majistare a ƙarƙashin mulkin Ingilishi. Da littattafan hira ya yi suna, irin su Anandamat na 1882, amma a wannan littafi ya ajiye alƙalamin mai hira ya ɗauki na alƙali.

Kafin a shiga shari'ar da ya yi, sai mai karatu ya san wanda a ke shari'ar a kansa. A wurin Hindu da yawa Kirishna shi ne Bishnu, babban abin bautarsu, ya sauko duniya da siffar mutum. Waɗansu ma suka ce shi ne asali, Bishnu reshe. Labarin da kowane yaron Hindu ya sani shi ne an haife shi cikin kurkuku a birnin Matura, domin kawunsa Sarki Kansa ya ji an ce ɗa na takwas na 'yar'uwarsa Debaki shi zai kashe shi. Cikin dare ubansa Basudeba ya ɗauke shi ya haye kogin Yamuna da shi, ya kai shi rugar makiyaya a Gokul, wurin Nanda da matarsa Yashoda. Nan ya tashi yana satar man shanu a gidajen maƙwabta, yana kashe dodannin da Kansa ke aikowa, yana busa sarewa 'yan matan ruga suna barin gidajensu su bi shi daji, kuma wadda ya fi so a cikinsu ita ce Rada. Da ya girma ya koma Matura ya kashe Kansa, ya kafa birnin Duwaraka a bakin teku, sa'an nan ya zama mashawarcin 'ya'yan Pandu su biyar, har ya ja wa Arjuna karusa a yaƙin Kurukshetra. Ƙarshensa wani maharbi ne ya hange shi a daji ya zaci barewa ce, ya harbe shi a ƙafa.

To, waɗannan labaru ba a littafi ɗaya su ke ba. Kirishnan fada da fagen fama yana cikin Mahabarata. Kirishnan ruga yana cikin Haribansha, da Bishnu Purana, da kashi na 10 na Bagabata Purana, wanda masana suka fi zaton an tsara shi a kudancin Indiya wajen ƙarni na 9 ko na 10. Rada kuwa ba ta yi fice sosai ba sai a waƙar Jayadeba, Gita Gobinda, ta ƙarni na 12. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekaru fiye da dubu, da hannuwan marubuta ba iyaka.

Abin da ya tunzura Bankim sananne ne. Masu wa'azin Mishan na zamaninsa sun mai da Kirishna sandar dukan Hindu: ɓarawo ne tun yana yaro, in ji su, mai neman matan mutane da ya tasa, mai makirci da ya manyanta. A 1882 wani limamin Mishan mutumin Sikotlan, William Hastie, shugaban wata kwaleji a Kalkata, ya rubuta wasiƙu a jaridar Statesman yana sukar addinin Hindu, Bankim ya mayar masa da martani da sunan aro. Har wa yau akwai malaman Turai, musamman Bajamushen nan Albrecht Weber, waɗanda Bankim ya ga suna rage wa littattafan Indiya shekaru da daraja. Samarin Kalkata masu ilmin boko kuwa sun fara jin kunyar abin da iyayensu mata ke rera wa waƙa. Saboda su ya rubuta littafin. Tun a farko ya faɗa a fili cewa shi ya gaskata Kirishna abin bauta ne, amma a littafin nan zai duba halinsa na ɗan'adam kaɗai, ya nuna cewa cikakken mutum ne wanda babu aibi a tare da shi.

Hanyar da ya bi ita ce ta mai rairaya. Ya ce Mahabarata hawa uku ne: akwai tsohon ƙashi na tarihi, akwai abin da wani mawaƙi gwani ya ɗora daga baya, akwai kuma tarkacen da kowa da kowa ya zuba. Ya kafa sharuɗɗa na gane ƙari: abin da ya saɓa wa al'adar halitta a fitar, abin da ya yi karo da wani wuri a tuhume shi, abin da salonsa ya bambanta a ware shi. Da lissafin sarakuna na cikin Purana ya ajiye yaƙin Kurukshetra wajen shekara 1430 kafin haihuwar Annabi Isa. Sa'an nan ya bi rayuwar Kirishna kashi-kashi har 7, daga gabatarwa zuwa Birindaban, zuwa Matura da Duwaraka, har bakin teku a Parabasa inda danginsa suka hallaka juna.

Dole a ba shi haƙƙinsa, gama inda ya yi kyau ya yi kyau ƙwarai. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta Shishupala. A cikin Mahabarata, ran da Yudistira ya yi babban bikin sarauta aka ba Kirishna girman farko, sai Shishupala, ɗan gwaggonsa, ya miƙe a gaban sarakuna ya yi ta zaginsa. Ya kira shi makiyayi, ya yi wa kisan Putana ba'a, ya ce dutsen Gobardana da a ke yabonsa da ɗagawa bai wuce suri ba, ya goranta masa kashe Kansa wanda ya ci abincinsa. Duk cikin zagin nan bai ambaci 'yan matan ruga ko sau ɗaya ba. Bankim ya ce maƙiyin da ke tonon asiri a bainar jama'a ba zai bar mafi munin abin gori ba, in da ya san shi. Saboda haka mawaƙin da ya tsara wannan wuri bai san labarin ba. Wannan tunanin majistare ne wanda ya saba da shaidu, kuma ya kama. Ya kuma nuna cewa babu sunan Rada a Mahabarata, babu a Bishnu Purana, ko Bagabata ma da ta cika da 'yan matan ruga ba ta kira ta da suna ba.

Wani abin mamaki, aikin da aka yi bayan mutuwarsa ya goyi bayansa a wani wuri. Daga 1919 zuwa 1966 malaman Cibiyar Bandarkar a birnin Puna suka gwada rubuce-rubucen hannu na Mahabarata fiye da 1,200 don su fito da mafi tsufan abin da za a iya kaiwa gare shi. Addu'ar nan da Daraupadi ta yi ran da aka nemi tuɓe ta a fada, inda ta kira Kirishna da kirarin masoyin 'yan matan ruga, sai suka same ta ƙari ce, suka sauke ta daga cikin nassi. 

Matsalar littafin tana farawa ne inda alƙali ya zama lauyan wanda a ke ƙara. Ga misali. A yaƙin Kurukshetra malamin yaƙi Durona ya gagari kowa, sai Kirishna ya ba da shawara a ce masa ɗansa Ashwatama ya mutu. Bima ya kashe wata giwa mai wannan suna, aka yi shela. Durona ya tambayi Yudistira, wanda bai taɓa ƙarya ba, shi kuwa ya ce an kashe Ashwatama, ya faɗi kalmar giwa ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji ba. Durona ya ajiye makami aka sare kansa. Mawaƙin ya ƙara da cewa karusar Yudistira, wadda a da ba ta taɓa ƙasa saboda gaskiyarsa, nan take ta sauko. Bankim ya yi ta jawo dalilai don ya nuna wannan labari ba na tsohon ƙashi ba ne. Amma malaman Puna sun same shi daram a takardun arewa da na kudu, suka bar shi a nassi, kamar yadda suka bar dukan da Bima ya yi wa Duryodana a cinya, wanda dokar faɗa ta hana, shi ma da shawarar Kirishna.

Abin da ya ƙara raunana shi a nan, shi da kansa ya riƙe wani wuri na gaba kaɗan ya yabe shi matuƙa, inda Kirishna ke koya wa Arjuna cewa akwai lokacin da gaskiya ke zama zunubi. Misalin da aka kawo shi ne na wani mai ibada, Kaushika, wanda ya yi alwashin ba zai taɓa ƙarya ba. 'Yan fashi suka tambaye shi inda waɗansu matafiya suka ɓuya, ya nuna musu, aka kashe su, shi kuwa ya tafi wuta. Mai karatu zai tambaya: in Kirishna ya koyar da wannan, me ya sa ba zai yi aiki da shi a kan Durona ba? Amsar ita ce Bankim ya riga ya yanke irin mutumin da ya ke so ya samu, abin da ya dace da shi tarihi ne, abin da bai dace ba ƙari ne. Rabindranat Tagor, da ya yi sharhin littafin bayan rasuwar mawallafin, ya yabi 'yancin tunanin da ke cikinsa, amma shi ma ya ga cewa rariyar ba ta da tabbas.

Hujjar shiru ma tana da iyaka. Rashin sunan Rada a littattafan Sanskirit na malamai bai nuna cewa bakin jama'a bai san ta ba. Akwai wani tsohon diwani na baitoci 700 da harshen Parakirit, wanda a ke danganta wa Sarki Hala, na ƙarnonin farko bayan haihuwar Annabi Isa, kuma a cikinsa an ambaci Rada tare da Kirishna, ɗaruruwan shekaru kafin Jayadeba. Ta yiwu ta daɗe tana yawo a waƙoƙin mata da makiyaya kafin malamai su buɗe mata ƙofa. Game da tsufan bautar Basudeba kuwa ƙasa ta ba Bankim shaidun da bai yi tsammani ba: ginshiƙin dutse da jakadan Girka Heliyodoros ya kafa a Besnagar wajen ƙarshen ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, da kuɗin Sarki Agatokles da aka haƙo a Ai Kanum ta Afganistan a 1970, masu siffar Basudeba riƙe da faifan yaƙinsa. Sai dai waɗannan sun tabbatar da tsufan bauta ne kawai. Ba su ce kome a kan shekara 1430 ba, kuma masana na yau ba su karɓi wannan lissafi a kan tabbatacce ba.

Babbar hasarar littafin tana kashi na biyu, na Birindaban. Nan Bankim ya yi ta bin labarun ƙuruciya yana rage musu tsawo. Putana, dodanniyar da ta shafa dafi a nono ta ba jariri shi kuwa ya tsotse ranta, sai ya kawo cewa akwai ciwon jarirai mai wannan suna a littattafan magani. Mata 16,000 ya share su da dariya, har ya karkata ga cewa Rukmini kaɗai ce tabbatacciya. Wannan duka da sauƙi. Amma labarun ruga ba don ba da rahoto aka tsara su ba, kuma wanda ya auna su da ma'aunin kotu ya auna hatsi da kamu.

A duba labari biyu na Bagabata. Yara suka kai ƙara wai Kirishna ya ci ƙasa, Yashoda ta ce ya buɗe baki. Da ya buɗe sai ta ga sammai da ƙassai da taurari a ciki, har da rugarsu da ita kanta. Tsoro ya kama ta, sa'an nan aka mantar da ita, ta ɗauki ɗanta ta rungume kamar kowace uwa. Wata rana kuma ya fasa tukunyar kindirmo, ta kama shi za ta ɗaure a jikin turmi, igiya ta gaza da yatsa biyu. Ta ƙulla wata, ta sake gazawa da yatsa biyu, har igiyoyin gidan suka ƙare. Sai da ya ga gumi ya rufe ta, furannin kanta suna zuba, sa'an nan ya bari aka ɗaure shi. A aƙidar masu wannan littafi, ma'anar ita ce wanda duniya ba ta iya ɗauka ƙauna tana iya ɗaure shi, kuma satar man shanu da barin gida na 'yan mata duk ta wannan fuska su ke karanta su. Tambayar ko igiya tana iya gazawa haka ba ta taɓa wurin ba ko kaɗan. Bankim mai hira ya san wannan sarai, gama ya san yadda labari ke aiki fiye da kowa a Bengal ta zamaninsa. Bankim mai gardama da Hastie ne ya hana shi faɗa da cikakken baki.

Shi ya sa Kirishnan da ya fito daga rariyar ya yi kama da irin mutumin da Kalkata ta 1886 ke bukata: jarumi, mai hankali, mai tsara mulki, mai mata ɗaya, wanda za a iya gabatarwa gaban Bature ba tare da sunkuyar da kai ba. 'Yan kishin ƙasa na bayansa sun amfana da wannan siffa. Babin da ya yi a kan zuwan Kirishna Hastinapura neman sulhu, da yadda ya yi iyakar ƙoƙarinsa kafin a zare takobi, har yanzu yana cikin mafi daɗin abin da aka rubuta a kan wannan wuri, kuma ɗalibin da ba shi da lokacin karanta littafin duka ya fara daga nan da kuma babin Shishupala.

Jama'a dai ba su bi shi ba. A Bengal ɗin da ya rubuta littafin, mabiyan Caitanya, wanda aka haifa a 1486, sun ci gaba da kiran Rada kafin su kira Kirishna. A arewa waƙoƙin Surdas makaho, na ƙarni na 16, a kan yaron da ke musun cin man shanu alhali ga shi a bakinsa, su ne iyaye mata ke rerawa, kuma Raskan, wanda Musulmi ne, wannan yaron na ruga ya yi wa waƙa. A Mumbai, washegarin bikin haihuwar Kirishna, samari su kan hau kafaɗun juna hawa-hawa don su fasa tukunyar kindirmo da aka rataye a sama tsakanin gidaje.