Kwallin Hadari

'Yar uwa, kin san yadda gari yake komawa idan hadari ya haɗo daga gabas, ana ta gudun kwashe shanya, hasken la'asar ya zama wani iri? To akwai wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Ansel Adams, wanda ya rasu a 1984, da ya shahara wajen kama irin wannan sararin a hoto baƙi da fari. Wanda ya fi burge ni shi ne wanda ya ɗauka a 1942 a jihar Wyoming. Ga duwatsun Teton can nesa, ga kogin Snake ya lanƙwaso yana ƙyalli kamar azurfa, hadari kuwa ya yi gangami a kansu.

Amma kada ki zaci kyamara ce kaɗai ta yi aikin. A ɗakin wankin hoto ana haska fitila ne ta cikin fim, hasken ya sauka kan takarda, kuma inda ya daɗe nan ne ya fi yin baƙi. Sai Adams ya sa hannu ko ɗan kwali ya kāre wani wuri, ya bar wani wurin ya sha haske. Haka yake ƙara wa gajimare nauyi.

Wasu za su ce ai wannan ha'inci ne. Ni dai ban yarda ba. Fim ba shi da gaban da zai faɗi idan ya ga hadari, mutum ke da shi, dole kuwa sai da gyara wannan faɗuwar gaban za ta fito a takarda. Kamar kwalli ne, ba ya ƙirƙirar ido, fito da shi yake yi.

Sai dai kwalli in ya yi yawa kin san sauran. Shi kansa gwanin ina da ƙorafi a kansa. Hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez, na 1941, wankin farko yana da siraran gajimare a sama, amma a wankin baya ya yi ta duhunta sararin har ya koma baƙi ƙirin. Jama'a sun fi son na bayan, ni kam ina kewar gajimaren nan.

Abin da nake gani ke nan a wayoyin 'yanmata da damina. A ɗauki hadari mai kyau, a yi ta jan duhu da yatsa har ya zama kamar gindin tukunya, bishiya da rufin gida duk su ɓace. Haba! Ki sake duban hoton Teton ɗin nan. Ya bar tsagar haske a cikin gajimaren, ya bar kogin da farinsa, kuma su ne suka sa baƙin ya yi kwarjini.