Gwanayen Jin Ciwon Injin

Fitilar injin ta kama, mota na shan mai tana shaƙewa. Wani bakanike zai ce a canja fulogi, a gwada sa'a. Gwanin da nake jinjina wa ba ya caca da kuɗin mutane. Yakan jona na'urarsa a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, irin wanda Amurka ta wajabta tun 1996. A wannan karon na'urar ta nuna P0171, wato iska ta rinjayi mai. Lambar dai ba ta faɗin dalili. Sai ya duƙa cikin zafin gareji yana bin tiyo da waya, kunne a buɗe, har ya gano 'yar tsaga a jikin roba. Ba don haƙurinsa ba, da an sayi sabuwar ƙwaƙwalwar mota a banza.