Kalmomin dusar ƙanƙara a harsunan Eskimo: yadda 4 ya zama 100

Akwai wani zance da ƴan jarida suke so ƙwarai, wai mutanen Eskimo suna da kalmomi 100 na dusar ƙanƙara, saboda haka idonsu yana ganin abin da namu ba ya gani. Mun bi sawun wannan adadi don mu ga daga ina ya fito.

Tushensa shi ne Franz Boas. A 1911, cikin gabatarwar littafinsa a kan harsunan Indiyawan Amurka, ya kawo kalmomi 4 kacal, cikinsu akwai aput (wadda take ƙasa) da qana (wadda take zuba). Nufinsa ya nuna cewa kowane harshe da irin yadda yake rarraba abubuwa. A 1940 Benjamin Lee Whorf ya ɗauki misalin ya faɗaɗa shi, ba tare da ya kawo ko kalma ɗaya ta Eskimo ba. Daga nan zance ya bar hannun masana. A 1984 jaridar New York Times ta rubuta 100 a sharhinta. Laura Martin ce ta tono wannan sarƙa a 1986, sannan Geoffrey Pullum ya yi mata shela a 1989.

Abin da ya fi damunmu a nan shi ne ba wanda ya tsaya ya tambayi mene ne ake ƙirgawa. Na farko, Eskimo dangin harsuna ne, akwai Inuwit akwai Yupik. Na biyu, a waɗannan harsuna ana jera ɗafe-ɗafe bayan saiwa har kalma guda ta ɗauki ma'anar jimla sukutum. Wanda ya ce zai ƙirga kalmomi haka, sai ya samu dubbai, ko a kan kifi ne ko a kan ruwa. Da Anthony Woodbury ya ƙirga a Yupik na tsakiyar Alaska a 1991, kimanin 15 ya samu, adadin da bai yi wa na Ingilishi nisa ba.

Mu ma muna da hatsi, maiwa, zangarniya, dami, tsaba, ƙaiƙayi, dusa. Manomin Maradi ya san bambancinsu domin sana'arsa ke nan, ba mu kuma taɓa jin an buga labari a kai ba. Dusar ƙanƙara ta samu shiga jarida ne saboda masu harshen suna nesa, mai karatu ba shi da wanda zai tambaya, edita kuma bai buɗe littafin Boas ba.