"Ni Ɗan Barkwanci Ne Kawai": Garkuwar da Ta Huje

Ranar 15 ga Oktoban 2004, saura ƙasa da mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, tashar CNN ta gayyaci ɗan barkwanci Jon Stewart cikin shirinta na Crossfire. Tsarin shirin sananne ne: a zaunar da Paul Begala a ɓangaren 'yan Demokrat, a zaunar da Tucker Carlson a ɓangaren masu ra'ayin riƙau, su yi ta sa-in-sa har lokaci ya cika. An zaci Stewart zai ba da dariya, ya tallata littafinsa, ya tafi. Sai ya murtuke fuska ya ce musu abin da suke yi wasan kwaikwayo ne da aka sanya wa rigar muhawara, kuma yana cutar da ƙasar. A Janairun 2005 CNN ta sanar da cewa za ta dakatar da shirin, shugaban tashar na lokacin, Jonathan Klein, ya ce ya yarda da sukan Stewart.

Har yau ana yawo da wannan bidiyo a matsayin ranar da mai ba da dariya ya koya wa 'yan jarida aikinsu. Mu ma mun kalla, mun tafa. Amma akwai wani wuri a cikinsa da masu yabo suke tsallakewa. Carlson ya tuna wa Stewart cewa lokacin da ɗan takarar Demokrat, John Kerry, ya zo shirinsa na The Daily Show a watan Agustan shekarar, tambayoyin lallashi ya yi masa. Stewart ya amsa da cewa shi a tashar barkwanci yake, shirin da ke gabatar nasa ma na 'yar tsana ne masu buga wayar tsokana, don haka kada a auna shi da ma'aunin ɗan jarida. 'Yan kallo suka fashe da dariya, tambayar ta bi iska.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan amsa. A ƙasan kusan kowace manhaja akwai rubutun da ke cewa an ba ka ita yadda take, in ta lalata maka aiki babu ruwan wanda ya ƙera ta. Wannan magana tana da ma'ana ga ɗalibin da ya rubuta wasa a ɗakinsa. Idan miliyoyin mutane suka dogara da manhajarka, rubutun zai iya kare ka a kotu, amma alhakin yana nan a wuyanka.

Kuma Stewart ya san nauyin da muryarsa take da shi. A Disambar 2010 dokar Zadroga, wadda za ta biya kuɗin jinyar ma'aikatan ceto da suka kamu da cututtuka a ɓaraguzan harin 11 ga Satumba, ta maƙale a Majalisar Dattawa. Stewart ya sadaukar da shirinsa na ƙarshe a shekarar ga batun, ya zaunar da huɗu daga cikin ma'aikatan suka faɗi halin da suke ciki. Ba a yi mako guda ba majalisar ta amince da dokar. A Yunin 2019 ya je gaban kwamitin Majalisar Wakilai da kansa ya yi wa 'yan majalisa tatas a kan kujerun da suka bari babu kowa. Wannan aikin alheri ne, ba mu da ja. Sai dai wanda barkwancinsa ya iya motsa majalisa ba zai dawo ya ce mana shi wawan sarki ne kawai ba. Ba a cin biyu, a karɓi yabon ɗan jarida ranar nasara, a fake da hular mai ba da dariya ranar tuhuma.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda masu kiran kansu 'yan jarida suka ari wannan garkuwa. A 2019 Karen McDougal ta yi ƙarar Fox News a kan kalaman da Carlson ɗin nan ya yi a kanta. Lauyoyin tashar suka ce mai kallo mai hankali ba zai ɗauki maganganun Carlson a matsayin zahirin labari ba, kuma alƙaliya Mary Kay Vyskocil ta kori ƙarar a kan haka. A 2020 wata kotu ta kori ƙarar da masu tashar OAN suka shigar a kan Rachel Maddow ta MSNBC, bisa hujjar cewa kalamanta ra'ayi ne da zuguguwa. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, mafaka ɗaya. Da daddare su ce wa mai kallo ga gaskiyar da ake ɓoye masa, da safe lauyoyinsu su ce wa alƙali ai kowa ya san ba da gaske ake ba.

Ba muna cewa ɗan barkwanci ko ɗan jarida kada ya ɗauki ɓangare ba ne. Wanda duk ya zaɓi labarin da zai fara da shi, ya yanke daƙiƙa goma daga jawabin awa guda, ya riga ya ɗauki matsaya. The Daily Show ta yi suna ne da haɗa tsohuwar maganar ɗan siyasa da sabuwarta don a ga tufka da warwara, kuma wannan bincike ne, ko da dariya ta biyo baya. Tambayar ita ce: maganar wa aka tono, ta wa aka bari a kwance? Mai kallo yana ganin abin da aka nuna masa, ba ya ganin abin da aka zubar a ɗakin tace shiri.

Abin da muke nema kaɗan ne. Ka faɗi inda ka tsaya. In ka yi kuskure ka gyara a fili, a wurin da ka yi shi. In naka ya zauna a gabanka, ka yi masa tambayar da za ka yi wa abokin hamayyarsa. Stewart ya yi gaskiya a kan Crossfire, amma tambayar da Carlson ya yi masa ita ma tana kan hanya, kuma ba a amsa ta ba a ranar. Rashin nagartar mai tambaya ba ya soke tambaya. Mu masu kallo ya rage wa mu ci gaba da yin ta, musamman ga waɗanda suke sa mu dariya a kan mutanen da muka riga muka tsana.